Muhawara: Kakar 1899 ta ƙungiyar Sewanee, jarumta ce ko neman kuɗin ƙofa?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda hirarmu ta makon nan ta karkata ga tarihin wasanni, bari in kawo muku labarin kaka guda ta wata ƙaramar jami'a a Amurka, domin ina so in ji yadda za ku auna ta. Sunan makarantar Jami'ar Kudu, amma an fi saninta da Sewanee, wato sunan garin da take, a saman wani tsauni a jihar Tennessee. Cocin Episcopal ne ya kafa ta, kuma a shekarar 1899 ɗalibanta gaba ɗaya 326 ne. Wasan da nake nufi ba tamaula ba ce irin tamu, ƙwallon ƙafar Amurka ce, wadda ta fi kama da zari-ruga, inda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, abokan hamayya kuma su yi ta ƙoƙarin kayar da mutum.

A waccan kakar ƙungiyar ta buga wasa 12, ta cinye su duka. Ta tara maki 322, aka ci ta maki 10 kacal, kuma goman nan a wasa ɗaya aka ci su. Abin da ya sa har yau ba a daina maganarta ba shi ne wata tafiya da ta yi a jirgin ƙasa cikin watan Nuwamba, mai nisan kusan kilomita 4,000. Ranar Alhamis 9 ga wata ta doke Jami'ar Texas 12 da nema a Austin. Washegari Juma'a ta doke Texas A&M 10 da nema a Houston, ranar Asabar kuma ta lallasa Tulane 23 da nema a New Orleans. Ta huta ranar Lahadi, ta wayi gari Litinin a Baton Rouge ta zazzaga wa Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, 34, sannan ranar Talata 14 ga wata ta rufe da Jami'ar Mississippi 12 da nema a Memphis. Wasa biyar ke nan cikin kwana shida, a garuruwa biyar, maki 91 ba tare da an ci ta ko ɗaya ba. Ni dai a ganina babu wata kaka a tarihin wannan wasa da ta kama ƙafar wannan, kuma ina jiran wanda zai musa.

Nura:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sani. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunayen da ka lissafa, domin Texas da Texas A&M da LSU a yau kowacce tana da filin wasa mai cin mutum fiye da 100,000. Ta yaya makarantar da ɗalibanta ba su cika babban ɗakin lacca ɗaya ba za ta bi su gida-gida ta doke su? Ko dai an yi wa labarin gishiri ne?

Injiniya Bashir:
Nura, ba a yi masa gishiri ba, sakamakon yana nan a rubuce kamar yadda Malam ya kawo shi. Amma tambayarka ita ce ƙofar maganar, domin sunan ne ɗaya, ƙungiyoyin ba ɗaya ba ne. Jami'ar Texas da Tulane da LSU da Mississippi duk a 1893 suka fara buga wannan wasa, Texas A&M kuwa a 1894. Wato lokacin da Sewanee ta kai musu ziyara, babbar cikinsu shekararta shida da fara taɓa ƙwallo, alhali Sewanee ta fara tun 1891. Babu tallafin karatu na 'yan wasa irin na yanzu, babu masu yawon farautar yara daga sakandare, duk ɗalibin da yake da ƙarfi da sha'awa shi ne ɗan wasa. A irin wannan yanayi, makaranta mai ɗalibai 300 da ta samu ƙarti 11 da koci mai ilimi tana iya doke kowa a yankinta.

Kocin nasu, Billy Suter, daga Princeton ya fito, kuma a wancan zamani ilimin wasan yana arewa maso gabas ne, wajen su Harvard da Yale da Princeton. Akwai kuma wata fa'ida da ba kasafai ake ambatonta ba. Sewanee a lokacin tana yin dogon hutunta ne da hunturu, makaranta na buɗe a watannin zafi, saboda haka 'yan wasanta suna tare suna atisaye tun sauran makarantu ba su dawo daga hutu ba.

Shi ya sa, Malam Sabo, da girmamawa, ba zan bi ka har inda ka kai ba. Sewanee ta zama zakaran kudu a 1899, wannan babu ja. Amma ba ta kara da ko ɗaya daga cikin manyan arewa ba, kuma masu bin tarihin wasan Harvard da Princeton suke ba kambin ƙasa na waccan shekara.

Malam Sabo:
Injiniya, na karɓi gyaran da ka yi game da ƙarfin abokan karawar, amma ka lura ban ce ita ce ta fi kowace ƙungiya iya wasa ba. Cewa na yi babu kakar da ta kama ƙafar wannan. Ko da raunana ne abokan hamayyar, su suna gida sun ƙoshi da barci, waɗannan kuwa sun kwana a tarago da ciwon jiya a jikinsu. Kuma ai kafin tafiyar sun doke Georgia 12 da nema, suka doke Georgia Tech 32 da nema bayan kwana biyu, suka ci Jami'ar Tennessee 46. Kwana shida bayan wasan Memphis suka zuba wa Cumberland 71. A 2012 da cibiyar karrama gwarazan wasan ta buɗe ƙuri'a tsakanin fitattun ƙungiyoyin tarihi, wannan ƙungiyar ce ta zo ta ɗaya.

Alhaji Tanko:
Salamu alaikum. Na karanta bayanan malamaina biyu, kuma ina ganin dukkansu sun tsallake tambayar farko, wato me ya fitar da yaran nan daga gida tun asali. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗin ƙungiya, ko da ta unguwa ce, in ya ga jadawali irin wannan ya san ba koci ne ya tsara shi ba, mai neman cike giɓi ne.

Sewanee tana kan dutse, garin ƙarami ne, babu 'yan kallon da za su biya kuɗin da zai riƙe ƙungiya. Abin da take dogaro da shi duk shekara shi ne wasanta da Vanderbilt, babbar abokiyar gabarta da ke birnin Nashville, domin a nan ake samun cinkoso. A 1899 makarantun biyu suka kasa daidaitawa a kan rabon kuɗin ƙofa, wasan ya rushe, asusu ya zama wayam. Manajan ƙungiyar wani ɗalibi ne mai shekara 20, sunansa Luke Lea. Shi ne ya zauna ya yi lissafin cewa zuwa Texas don wasa ɗaya ba zai mayar da kuɗin jirgi ba, amma idan aka jera wasanni a kan hanyar dawowa, kowane gari ya ba da kasonsa, to tafiya ɗaya za ta biya kanta har ta bar saura. Dalilin da ya sa wasannin suka matsu cikin kwana shida shi ne kowace rana da aka ƙara a hanya kuɗin abinci ne da kuɗin tarago.

Ba ina rage wa yaran daraja ba ne. Ina cewa ne abin da muke kira jarumta a yau, a teburin Luke Lea sunansa kasafi. Wannan yaro kuwa bai tsaya nan ba, domin ya kafa jarida a Nashville, ya zama sanata a 1911, a farkon 1919 ya ja wasu sojoji suka tsallaka Holan da niyyar kamo tsohon sarkin Jamus, daga baya kuma ya yi zaman kurkuku a kan badaƙalar banki. Wanda ya san ƙarshensa ba zai yi mamakin jadawalin da ya tsara yana ɗan shekara 20 ba.

Nura:
Ranka ya daɗe Alhaji, to ai ko don kuɗi aka yi, sai da aka shiga fili aka buga. Kuɗi ba ya tare ɗan wasan da ya rugo da ƙwallo.

Alhaji Tanko:
Gaskiyarka ɗana, kuma ban ce yana tarewa ba. Amma ka tambayi kanka wane ne ya biya, kuma da me ya biya.

Dakta Rabi:
Alhaji ya kawo mu inda nake so in sa baki, domin da jikinsu suka biya. Ina roƙon 'yan zaure su cire hoton wasan yau daga ransu. A 1899 ba a halatta jefa ƙwallo gaba ba, sai a 1906 aka yarda da haka. Saboda haka hanyar ci gaba ɗaya ce, a dunƙule a tura, mutum 11 su afka wa mutum 11, ana ba ƙungiya dama uku ta ci yadi biyar. Babu hular kwano irin ta yanzu, abin da wasu suke sawa ɗan fata ne, wasu kuwa gashin kansu kawai suke tarawa. Mutum ɗaya shi ne mai kai hari kuma shi ne mai tsaron gida, daga farkon wasa har ƙarshe. Dokar canji ita ce ta fi tsanani, domin wanda aka fitar ba ya komawa, don haka duk wanda yake iya tsayuwa da ƙafarsa ba ya yarda ya fita.

Kyaftin ɗinsu, Henry Seibels, a wasan farko da Texas goshinsa ya tsage, jini yana zuba masa a fuska. Aka manne wurin da filasta, ya koma ya ƙarasa wasan, kuma da wannan goshin ya buga sauran huɗun. Masu ba da labari suna kawo wannan a matsayin abin alfahari. Ni da nake ganin masu rauni a kai kullum, abin da nake gani shi ne saurayin da ya samu bugu a ka, aka mayar da shi cikin turmutsutsu bayan awa 24, aka sake mayar da shi, har sau huɗu. Tsokar da aka daka tana bukatar kwanaki kafin ta warware, ƙwaƙwalwar da ta girgiza kuwa ta fi haka bukata, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mafi haɗari.

Akwai kuma Ormond Simkins, wanda yake cikin ginshiƙan ƙungiyar. Raunukan da ya kwasa a ƙafa wajen wannan wasa sun bi shi har bayan ya bar makaranta, sai da ta kai ga yanke ƙafa, kuma ya rasu a 1921 bai tsufa ba. Shekara shida bayan wannan kaka, a 1905, mace-macen 'yan wasa suka yi yawa a faɗin ƙasar har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa, aka sake dokoki, aka kafa hukumar da daga baya ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka. Idan an ce babu wanda zai sake yin abin da Sewanee ta yi, gaskiya ne, amma dalilin shi ne babu hukumar da za ta bari a yi.

Malam Sabo:
Dakta, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya ƙara mini haske. Sai dai ina jin tsoron mu ɗauki ma'aunin asibitin yau mu auna mutanen da ba su san shi ba. Su a wurinsu haka wasan yake, kuma abokan karawarsu ma da dokar suke bugawa. Abin da kika lissafa na wahala, a ganina, shi ne ma yake ƙara wa nasarar nauyi.

Dakta Rabi:
Malam, yaran ban ga laifinsu ba, kuma ban hana a yaba musu ba. Amma ko a 1899 an san cewa jiki yana gajiya, shi ya sa sauran makarantu ba su jera wasa biyar cikin kwana shida ba. Hukumar makaranta da ta sa hannu a kan tafiyar ta san abin da take yi.

Malama Hadiza:
Ina neman izini in ƙara wani suna da har yanzu ba a ambata ba. A cikin taragon akwai wani baƙar fata mai suna Cal Burrows, wanda aikinsa shi ne yi wa 'yan wasan tausa. An kuma ɗauko gangunan ruwa daga maɓuɓɓugar tsaunin Sewanee, domin gudun kada baƙon ruwa ya ɓata wa yaran ciki. Ku kwatanta daren bayan wasan Austin: jirgi yana tafiya zuwa Houston, samari suna kwance kowa da inda yake masa ciwo, shi kuwa yana bin su gado-gado yana murza cinya da ƙwauri da kafaɗa domin su iya miƙewa da safe. Su sun yi barci, shi ne bai yi ba. Dakta ta ce tsoka tana bukatar kwanaki, to abin da ya tsaya a madadin kwanakin nan hannun wannan mutum ne.

Mu tuna kuma wace ƙasa jirgin yake ratsawa. Shekara uku kafin nan, a 1896, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba farare da baƙaƙe, kuma shari'ar da aka yanke hukuncin a kanta ta taso ne daga taragon jirgin ƙasa a jihar Louisiana, inda aka buga biyu daga cikin wasannin nan biyar. Ita kanta jami'ar, cikin waɗanda suka kafa ta a 1857 akwai Bishop Leonidas Polk, mai bayi, wanda ya zama janar a rundunar kudu lokacin yaƙin basasa. Babu baƙar fata ko ɗaya da zai iya zama ɗalibi a can a 1899, balle ya sa rigar ƙungiya. Seibels ya shiga jerin gwarazan da aka karrama a 1973, Lea ya zama sanata, Burrows kuwa an daɗe ana ba da labarin ba tare da an tsaya a kansa ba.

Injiniya Bashir:
Malama ta yi magana mai nauyi, kuma ba ni da abin ƙarawa a kanta. Zan koma ga musuna da Malam Sabo, domin akwai wasan da ya fi dukkan biyar ɗin nuna ainihin ƙarfin ƙungiyar, wato wanda suka buga da Auburn a Montgomery ranar 30 ga Nuwamba. Kocin Auburn a lokacin shi ne John Heisman, wanda a yau kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i take ɗauke da sunansa. Ya koya wa yaransa su riƙa fara hari cikin gaggawa, ba sa ba abokan hamayya sararin shiryawa, kuma wannan salo ya rikita Sewanee. A nan aka ci ta maki goman nan. A wancan zamani kai ƙwallo bayan layi maki biyar ne, bugun da ake yi bayansa kuma maki ɗaya, kuma da wannan maki ɗayan Sewanee ta tsira, 11 da 10. An yi ta jayayya da alƙalin wasa, duhu ya shigo aka tashi kafin lokaci ya cika, Heisman kuma ya fito a jarida yana kukan cewa an zalunce su.

Bayan kwana biyu suka je Atlanta suka doke North Carolina 5 da nema, ba su ma iya kai ƙwallo bayan layi ba, bugu ɗaya ta tsakanin sanduna ne ya raba gardama. To ka gani, Malam, da suka haɗu da ƙungiyoyi biyu da suka san abin da suke yi, tazarar maki ɗaya ce da maki biyar. Wannan ne ma'aunin da nake amfani da shi, ba 71 da aka ci Cumberland ba.

Malam Sabo:
Injiniya, hujjar da ka kawo tawa ce ka ara. Wasa na 11 da na 12 ke nan a kaka, tsakaninsu kwana biyu, bayan duk abin da jikinsu ya sha, kuma duk da haka ba su faɗi ba. Ƙungiyar da take cin raunana da yawa, ta kuma ci masu ƙarfi da kaɗan, ai ita ake kira zakara.

Nura:
Ni yanzu tambayata ta koma wani wuri. Idan haka suke a da, ina suka shiga? Ban taɓa jin sunansu a cikin manyan ƙungiyoyin yau ba.

Alhaji Tanko:
Nura, amsar tambayarka ita ce ta sa na dage a kan maganar kuɗi tun farko. Sewanee ta ci gaba da taɓukawa na wani lokaci, har ta sake zama zakaran kudu a 1909. Amma jami'o'in jihohi suna ta girma da kuɗin gwamnati, ɗalibansu suka koma dubbai, suka gina manyan filaye, suka fara zawarcin 'yan wasa, ita kuwa tana nan kan dutsenta da 'yan ɗaruruwanta. A ƙarshen 1932 makarantu 13 suka kafa gasar kudu maso gabas da ake kira SEC, kuma Sewanee tana cikinsu. Ba ƙarfinta na lokacin ne ya ba ta kujerar ba, sunan da ta yi a da ne. Daga 1933 zuwa 1940 ta buga wasa 37 a gasar, ba ta ci ko ɗaya ba. A 26 daga ciki ko maki ɗaya ba ta samu ba, kuma jimilla an ci ta 1,163 ita tana da 84. Yawancin wasannin a gidan abokan hamayya take buga su, saboda dalilin da ya fitar da Luke Lea a 1899 bai gushe ba, wato can ne kuɗin ƙofa yake. Shugaban jami'ar, Alexander Guerry, shi ne ya fitar da ita daga gasar a 1940, daga baya kuma aka daina ba da tallafin karatu don wasa. Yau tana rukuni na uku na NCAA, tana karawa da ƙananan makarantu irinta.

Malam Sabo:
Wannan ɓangaren yana yi mini ciwo, Alhaji. Ina ganin da sun daure sun riƙe kujerar, da yanzu suna cikin masu rabon kuɗin talabijin na SEC. Vanderbilt ma ai jami'a ce mai zaman kanta, ta sha kashi shekara da shekaru, amma ba ta fita ba.

Injiniya Bashir:
Malam, Vanderbilt tana cikin birnin Nashville ne, tana da dubban ɗalibai da dukiya mai yawa, Sewanee kuwa har yau ɗalibanta ba su kai 2,000 ba. Georgia Tech da Tulane, waɗanda suka fi ta girma nesa ba kusa ba, su ma sun bar gasar, ɗaya a 1964 ɗaya a 1966. Kowace ƙungiya a gasar SEC ta yau tana ɗauke da 'yan wasa fiye da 100, ban da masu horarwa da likitoci. Da Sewanee ta zauna, sai dai ta zama ƙungiyar ƙwallo mai 'yar makaranta a gefe.

Dakta Rabi:
Kuma wasa 37 ɗin nan da Alhaji ya ambata, wasu samari ne suka tsaya a fili aka yi ta bi ta kansu shekara takwas domin a riƙe sunan da kakanninsu suka yi. Ni a wurina Guerry bai yi gaggawa ba, jinkiri ma aka yi kafin a samu mai yanke shawarar.

Alhaji Tanko:
Ni kuwa, Malam Sabo, ban ga laifin fitar ba, laifin shigar nake gani. Waɗanda suka karɓi kujerar a 1932 sun karanta sakamakon 1899 kamar yadda ka karanta mana shi a farkon zaren nan, ba su karanta shi kamar yadda Injiniya ya warware shi ba. Da sun tambayi shekarar da Texas ta fara wasa, da yawan ɗaliban da LSU take da su a 1899 da waɗanda take da su a 1932, da ba su sa hannu ba.